Tulun Surukata da Tarin Motata

Motar da na fara mallaka ta girmi babban ɗana nesa ba kusa ba. Ta bi hannuwa da dama a ƙasar waje kafin ta shigo ta Kwatano ta iso gare ni, kuma shekarun farko ba ta ba ni wata wahala ba. Da tafiya ta yi tafiya sai ta koyi tari. Da safe take yin sa, musamman cikin damina idan an kwana ana ruwa, gari ya waye da sanyi. In na murza makulli sai ta tashi da ƙyar, jikinta duk yana ɓari, madubi na rawa, salansa na fat-fat kamar ana gasa masara. In na ɗaga ƙafa daga totur sai ta mutu. In na sa giya na taka, sai ta yi jim kamar mai shawarar ta je ko kada ta je, sannan ta zabura, ta noƙe, ta sake zabura. Haka zan yi ta gaida sitiyari da goshi har in fita daga Samaru. Amma da rana ta ɗaga, in ka gan ta a titi sai ka rantse jiya aka sauke ta daga jirgi.

A ranakun aiki ban damu ba, ni kaɗai ke shan jijjigata. Lahadi ce matsalar. Ni ne mijin babbar 'ya a gidan su matata, don haka ni ke biyawa Palladan in ɗauki surukata in kai ta sujadar safe a Sabon Gari. Mama, kamar yadda duk muke kiranta, ita ce mai buga babban tulu a cikin matan zumunta, ƙungiyar matan cocinsu. Tulun ƙasa ne mai faɗin ciki, ana bugun bakinsa da soso yana ba da murya mai zurfi da ake ji har cikin ƙirji. Ba ta yarda ta bar shi a coci, wai ana taɓa mata shi. Kowace Lahadi tana zaune a baya da shi a cinya, matata kuma a gaba.

Tsakanina da Mama gaisuwa ce kawai, a durƙushe, idona a ƙasa. Daga nan ba ta ce mini uffan, ni ma ba na ce mata. In tana da abin gaya mini sai ta gaya wa 'yarta ina zaune ina ji, ko kuma ta gaya wa motar.

"Sannu, baiwar Allah," in ji ta, idan motar ta shaƙe a bakin kwalbati. "Yau ma da tarin aka kwana?"

Motar ta zabura, tulu ya bugi haɓar Mama.

"Ke," ta ce wa matata, "ki tambayi mai motar ko ya taɓa jin ana kai marar lafiya wurin magani."

Ana haka sai mijin ƙanwar matata ya sayi mota, irin wadda sai ka kasa kunne kafin ka san a kunne take. Ya tsiri zuwa gaida Mama ranar Asabar da yamma, yana ajiye motar daidai tagarta. Ba a jima ba matata ta kawo mini saƙo muna cin tuwo.

"Baban yara, Mama ta ce ranar mata a coci ƙarshen wata ce, kuma ita za ta buɗe waƙa."

"Allah ya kai mu."

"Ta ce hanjinta ya gaji, tulun ma ya gaji. In har ranar motarka ba ta warke ba, ƙaninka zai riƙa ɗaukarta."

Zan so in ce ladan hidimar ne na ji tsoron rasawa, amma Allah ya san ba shi ba ne. Ƙofar coci na hango. Na hango ƙanin nan yana zagayowa yana buɗe wa Mama ƙofa, matan zumunta na kallo, ni kuma ina shigowa a baya da tarina. Ina da wannan hali, kuma har yau ina roƙon a raba ni da shi. Na ajiye lomar da ke hannuna na ce kafin ranar motar za ta warke.

Makanikena a Muchia yake, mun daɗe tare, tun lokacin da garejinsa bai wuce inuwar mangwaro da benci ɗaya ba. Na je masa da azahar.

"Oga, me ke damunta?"

"Tari. Da noƙewa. In na taka totur sai ta tsaya tunani."

Ya tayar da ita, ta tashi bugu ɗaya. Ya taka, ta amsa. Ya zagaya unguwa da ita ya dawo yana murmushi.

"Wannan ai ta fi ni lafiya."

"Da safe take yi."

"To ka kawo ta da safe."

Na kawo ta da safe. Amma daga Samaru zuwa Muchia, ga cunkoson Kwangila a tsakani, ta riga ta yi ɗumi. Tarinta na ƙarshe a bakin layin garejin ta yi shi, ta shiga tana tafiya sumul kamar amarya. Da na rasa yadda zan yi, sai na tsaya a gaban makanike na kwaikwaya masa. Na kama sitiyarin da babu, na karkaɗa kafaɗu, na yi fat-fat da baki, na yi jim, na zabura.

Ya dube ni da kyau. "Sake yi, ban ji wurin noƙewar ba."

Na sake. Ya ƙwala wa mai shayin da ke bakin garejin kira ya zo ya ba da shawara, na sake yi a gabansu su biyu. Sai daga baya na fahimci cewa na farkon ma ya isa.

"Fulogi ne," in ji makanike.

Aka canza fulogi. Washegari ta yi tari da sababbin fulogi. Aka wanke kafireta, aka canza matacin mai, aka zargi gidan man da nake sha da haɗa ruwa, na canza gidan mai. Kowane lokaci in bar garejin da mota lafiyayya, in kwana da fata, in tashi da marar lafiya. Makanike ya ce in bar masa ita ta kwana a wurinsa ya ga abin da idonsa. Na ƙi. Na ce masa ina da uzuri, alhali tsoro nake kada a zuƙe mini mai. Mutumin da bai taɓa ɗaukar mini ko noti ba.

Maimakon haka sai na koma ga nawa ilimin. Na yi tunani cewa tunda sanyi ne ke damunta, abin da ake yi wa mai jin sanyi shi za a yi mata. Na fara da ruwan zafi. In tashi da sassafe in ɗauki tukunyar da ke kan risho in kwarara a kan injin, tururi ya tashi, motar ta ɗan ji daɗi. Ban yi nisa da wannan ba.

"Baban yara, ina ruwan wankana?"

"Na ɗan ara."

"Ka ara. Ita za ta dawo mini da shi?"

Sai na koma ga bargo. Da yamma in injin ya huce kaɗan, in buɗe bonet in lulluɓe shi, in rufe. Da safe in yaye. Ko ya taimaka ko bai taimaka ba, ni dai na ji a raina ina yin wani abu. Ranar Lahadi muka makara, matata na ta kiran in yi sauri, na faɗa mota na murza makulli. Mun ɗauki Mama ke nan, ba mu kai ga babban titi ba, sai ta fara shinshina.

"Ke, wa ke babbakar akuya da sassafen nan?"

Na taka birki, na fita a guje, na ɗaga bonet. Bargon na hayaƙi, gefensa ya manne da ƙarfen da ke fitar da zafi. Na fizgo shi na jefa a kwata ina tattakawa da takalmin zuwa coci. Mama ta leƙo ta taga ta daɗe tana kallo.

"Ke, wancan ba bargon da na sa miki a kayan aure ba ne?"

Matata ta ce shi ne.

"To madalla. Ashe ya samu mai shi."

Washegari na kai motar Muchia na miƙa makulli, ban ko dubi allurar mai ba, ko da yake na so in duba. Na hau bas na koma gida. Da gari ya waye, ana yayyafi, na sake hawa bas na iso garejin na tarar da makanike ya dawo daga masallaci yana jirana, bai taɓa ta ba. Ya murza makulli. Motar ta yi masa duk abin da ta iya, har da wanda ban taɓa ji ba. Daɗi ya kama ni kamar an wanke ni a kotu.

"Ka ji ko? Ka ji?"

"Na ji. Ka ma rage mata a kwaikwayon."

Ya ɗaga bonet. Abu na farko da ya nuna mini fanka ce, tana ta hura iska da ƙarfinta a kan injin da ke rawar sanyi. Ya cire murfin kafireta ya leƙa, ya nuna mini wani ɗan faifai a bakinta da ake kira cok. Aikinsa ya rufe in injin na da sanyi don mai ya yi yawa a kan iska, in an yi ɗumi ya buɗe da kansa. Nata an ɗaure shi a buɗe da waya, an murɗe tam. Sannan ya kwance inda babban tiyon ruwa ke shiga injin, ya zura yatsa, ya zaro ba komai. A nan tamosta ke zama, wani ɗan abu kamar murfin kwalba mai sifirin, wanda ke tare ruwan lagireto har sai injin ya yi zafi. Nata babu.

Duk wanda ya sayi motar Kwatano a garinmu ya san abin da ake fara yi mata. Ana cewa a ƙasar ƙanƙara aka ƙera ta, nan kuwa ƙasar rana ce, don haka kafin a canza mata lamba ma sai an cire tamosta, an haɗa fanka kai tsaye da makulli, an ɗaure cok. Injin in yana da ƙuruciya yakan jure. Nata ya tsufa, ga shi an tuɓe masa riga an sa masa fanka a cikin watan Agusta.

"Wane mugu ne ya yi wannan aiki?" in ji makanike, yana kwance wayar.

Na dubi murɗin wayar. Na san hannun.

"Kai ne."

"Ni?"

"Ranar da na fara kawo ta. A ƙarƙashin mangwaron can."

Ya juya wayar a hannunsa. "To ai kai ka ce in yi. Kana tsaye a kaina kana cewa duk maƙwabtanka sun cire nasu."

"Kai kuma ka ce ko ban faɗa ba da ma za ka cire."

Mai shayi, wanda ya matso da kofi a hannu, ya ce, "Ku daina musu, laifin ya ishe ku ku biyu har a rage wa wani."

Makanike ya shiga rumfarsa ya fito da wani babban gwangwanin madara cike da tamosta, duk waɗanda ya cire daga motocin mutane tsawon shekaru. Bai zubar ba, in ji shi, saboda tagulla ce. Muka tsinto masu girman tawa. Amma ba a gane mai aiki da ido, sai an dafa. Mai lafiya in ruwa ya kusa tafasa sai ta buɗe baki, in ya huce ta rufe. Muka juya muka dubi mai shayi.

"A'a," in ji shi. "Ba a butata ba."

"Haba mutumina, ɗan tafasa ɗaya ne."

"Mutane na shan abin nan, injiniya."

Da ƙyar ya ba mu tukunyar da yake dafa ƙwai. Muka zuba su a ciki muka ɗora a kan murhunsa, muka tsuguna. Masu cin burodi a benci suka matso da kofunansu, kowa ya zaɓi tasa. Wani direban tasi ya ce ya gane tasa ce waccan mai tsatsa, ya tambaya ko za a mayar masa. Ruwa ya fara ƙara, ya fara ƙananan kumfa, duk suna kwance kamar duwatsu. Can sai wata da ke gefe, wadda ba wanda ya zaɓa, ta buɗe baki a hankali kamar mai hamma.

"Ta farka," in ji mai shayi. "A tsame ta kafin ta nuna."

Aka sa ta. Aka mayar da fanka kan hanyarta ta asali, aka wanke cok aka ɗiga masa mai har ya riƙa motsi da kansa. Na sake barin motar ta kwana, wannan karon ba a roƙe ni ba. Da safe ta tashi bugu ɗaya, ta ɗan ɗaga murya, allurar zafi ta hau zuwa tsakiya, muryar ta sauka ta zauna daram. Na taka totur ta amsa nan take. Daga Muchia har Samaru waƙar yabo nake yi.

Ranar mata ta zo da sanyi da yayyafi. Mama ta fito cikin ankon zumunta, ɗankwali a tsaye, na durƙusa na gaishe ta, ta shiga ta ɗora tulu a cinya. Muka tashi sumul. Ta kasa kunne har muka hau titi.

"An samu sauƙi ke nan, baiwar Allah? To Allah ya ƙara lafiya."

Na ji kaina ya kumbura. Abin da ban lissafa ba shi ne ƙafata. Wata da watanni ta saba da motar da ke tunani kafin ta tafi, ta koyi cewa in ana son shiga mahaɗa sai an danna totur har ƙasa tun da wuri, a jira. An gyara motar, ba a gyara ƙafar ba. A Kwangila na hango sarari tsakanin tirela da bas, ƙafata ta yi abin da ta saba. Motar ta yi tsalle kamar an tsikare ta. Sai ga keke mai ƙafa uku a gabana, na haɗa ƙafa biyu a kan birki. Muka tsaya cak, kamu ɗaya tsakaninmu da shi. Tulun bai tsaya ba. Ya sulluɓe daga cinyar Mama ya sauka a kan ƙarfen ƙarƙashin kujerata, ya yi wata 'yar ƙara, ƙwas.

Har muka isa coci ba wanda ya yi magana, ko da motar.

Tsagar siririya ce, daga gindi zuwa ciki. Da aka tashi waƙa Mama ta ɗaga soso ta buga, sai tulun ya yi irin ƙarar tsohon bokiti. Matan da ke layin gaba suka waiwayo. Wata ta miƙo mata ƙaramin tulu, ta buɗe waƙar da shi, fuskarta a miƙe. Ni kuwa ina can baya ina karanta bangon littafin waƙa. Da aka tashi, ƙanin nan ya zagayo ya buɗe mata ƙofa, daidai yadda na hango, har da matan zumunta masu kallo.

Lahadin da ta biyo mu kaɗai muka je, ni da matata, cikin mota lafiyayya da kujerar baya ba kowa.

Amma dole a sayi sabon tulu, kuma ba a aika a sayo irinsa. Sai mai bugun ta je da kanta ta buga ta ji. Matar da ke gina su tana wani ƙauye can bayan Shika, inda kwalta ke ƙarewa. Ƙanin ya tambayi yanayin hanyar, aka gaya masa, ya tuna motarsa gajeriya ce, ya tuna kuma yana da taro ranar Asabar. Matata ta ce, "Baban yara, Mama ta ce ko akwai wanda ba shi da taro."

Muka tafi. A wani kwari ruwa ya kwanta a kan hanya, na fita in gwada zurfinsa, taɓo ya riƙe takalmana duka biyu. Na zaro su da hannu, kowanne ya yi nauyin bulo, matata ta ce ba za su shiga gaban mota ba. Na jefa su a but na ci gaba da tuƙi da ƙafa tsirara. A nan na ji abin da ban taɓa ji ba, wato totur ɗin kansa a ƙarƙashin babban yatsana. Ɗan taɓi kaɗan motar ta amsa. Haka na lallaba ta cikin ramuka har ƙofar maginiyar.

Mama ta zauna a kan turmi aka jera mata tuluna, ta bi su ɗaya bayan ɗaya da sosonta, ta koma farko, ta sake bi. Rana ta yi tsaka kafin ta sami wanda ya amsa mata. A hanyar dawowa, da sabon tulu a cinyarta da ramukan nan duka, ko sau ɗaya bai taɓa haɓarta ba. Na ga ta leƙa ta tsakanin kujeru tana duban ƙafafuna.

Da yamma matata ta dawo daga raka ta ciki tana danne dariya.

"Mama ta ce gobe ka zo da wuri."

Na ce to, ina ƙoƙarin kada murna ta fito a fuskata.

"Ta ce ashe motar ba ta da laifi, kai ma ba ka da laifi sosai. Takalmin ne. Ta ce in za ka ɗauke ta ka riƙa cirewa, ita za ta riƙe."

Haka aka yi, kuma haka aka ci gaba har motar ta bar hannuna. In na durƙusa na gaishe ta sai in tuɓe takalma in miƙa wa matata, matata ta miƙa mata, ta ajiye su a gefen ƙafarta. In mun isa coci ta miƙa wa matata, matata ta miƙo mini, sannan in fita in buɗe mata ƙofa. Ranar da tuƙin ya yi mata, tun kafin in kashe injin takalman ke isowa. Ranar da na faɗa rami kuwa, sai ta sauke gilas ta shiga gaisawa da matan zumunta ɗaya bayan ɗaya, tana tambayar 'ya'ya da jikoki da masu jego, ni kuma ina zaune riƙe da sitiyari, yatsun ƙafata a kan tabarmar mota, ina jin an fara waƙar farko a ciki.